Mun gyara asibitin garinmu amma likita ya ƙi zama, ina mafita?

Tambayar da aka turo min ke nan: "Likita, mu 'yan garinmu mazauna Legas, yawancinmu 'yan Mile 12 da Agege, mun haɗa kuɗi mun gyara asibitin garinmu can gida, rufi, gadaje, sola, har bohol. Gwamnatin jiha ta turo mana likita sau biyu, babu wanda ya cika shekara. Yanzu kan ƙungiya ya rabu, wasu sun ce mu riƙa ɗora wa likita wani abu a kan albashinsa, wasu sun ce a'a, mu ɗauki nauyin yaron gari ya karanta likitanci mu sa shi ya sa hannu cewa zai dawo. Wanne ya fi?"

Alhaji, Allah ya saka muku da alheri, ya sa a mizani. Wallahi ba kowace ƙungiya ce take tunawa da asibitin gida ba. Ni likita ne, na yi aiki a babban asibitin wata ƙaramar hukuma a Arewa kafin horon ƙwarewa ya kawo ni Legas, don haka abin da zan faɗa maka wani na gani da idona, wani kuma abin da aka gwada ne a wasu ƙasashe aka ga sakamakonsa.

A taƙaice, masu cewa a ɗauki nauyin ɗan gari sun fi kusa da gaskiya, amma ba don takardar sa hannun ba, don shi yaron ɗan garin ne. Sannan wannan hanya ce ta shekara takwas zuwa sama, kafin nan kuma dole ku gyara abin da ya kori waɗancan biyun, in ba haka ba har ɗan naku ma in ya dawo zai gudu.

Bari ka fara sanin da wa kuke takara. A 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ce likitocin da ke da lasisi a Najeriya kusan 55,000 ne, ga al'umma sama da miliyan 200, kuma cikin shekara biyar mun rasa tsakanin 15,000 zuwa 16,000 da suka fice waje. Cikin waɗanda suka rage ya ce kusan 7,600 suna nan Legas, wajen 4,700 suna Abuja, ka ga wuri biyu kacal sun kwashe sama da kashi ɗaya cikin biyar, sauran a raba wa ragowar ƙasa, su ma yawancinsu a manyan birane kamar Kano da Kaduna da Ibadan da Fatakwal. Kai ko a nan Legas ɗin da muke ganin ta tara likitoci, je ka ƙauyukan bakin ruwa na wajen Epe da Badagry, inda sai da kwale-kwale ake shiga, ka tambaye su yaushe rabon su da ganin likita a garinsu. Toh matashin likitan da aka turo garinku, a wayarsa akwai abokan karatunsa da ke Ingila da Saudiyya da Kanada suna turo masa hotuna, ana ta japa, wato ficewa ƙasar waje, kamar yadda ake cewa a nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya cikin ƙasashe 55 da ta ce a 2023 kada a riƙa zuwa farautar ma'aikatan lafiyarsu, amma wannan bai hana mutum ya nemi aiki da kansa ya tafi ba. In dai da kuɗi zalla za a yi takarar, ƙungiyarku ba za ta iya ja da riyal da fam ba, ko gwamnatin tarayya ma ba ta iya ba.

Amma fa ba kuɗi ne kaɗai ke korar likita daga karkara ba, kuma nan ne nake so ka tsaya ka saurare ni da kyau, don nan ne kuke da ƙarfi.

Abu na farko da ke karya likita shi ne zama shi kaɗai. Mutane suna ganin likita ɗaya ya isa ƙaramin gari, to lissafa: da safe ya ga marasa lafiya a layi, ya zagaya kwance, ya shiga tiyata, da daddare shi ne a kan kol, wato shi za a kira in an kawo mara lafiya, gobe ma shi ne, Juma'a shi ne, ranar Sallah shi ne, in mahaifiyarsa ba lafiya ya tafi gida asibiti ya zama babu likita kuma a ce ya gudu. Babu wanda zai duba hoton ƙashi tare da shi, babu wanda zai ce masa "a'a kada ka buɗe cikin nan, tura shi gaba". Yaro ne fa da bai daɗe da gama hausjob ba, wato shekarar da sabon likita ke yi yana aiki a ƙarƙashin manya. Sai ƙarfe biyun dare a kawo mace a bayan a-kori-kura ta kwana biyu tana naƙuda a gida, ko ta haihu jini ya ɓalle, ya san sarai abin da ya kamata ya yi, ya karanta, ya yi a asibitin koyarwa, amma babu jini ko leda ɗaya, allurar tsayar da jinin ta lalace don ba firij, babu nas mai sa barcin tiyata, batirin sola ya mutu tun sha biyu, motar asibiti ba mai, asibitin da za a tura ta kuma tafiyar awa biyu ce a kan hanyar da ba a bi da dare. Ta rasu a hannunsa. Da safe dangi su yi tawakkali su ce kwana ya ƙare, wasu kuma a bayan ido su ce sabon likitan nan bai iya aiki ba. Shi kuwa ya san da akwai leda biyu ta jini da tana raye. Alhaji irin wannan daren in ya maimaitu sau uku sau huɗu, ko nawa ka ɗora masa a kan albashi zai fara neman canjin wurin aiki, ba don ba ya tausayi ba, tausayin ne ma yake cin sa. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duk duniya 'yan Najeriya ne, kuma da yawa a irin wannan daren suke tafiya.

Shi ya sa nake cewa gini ba shi ne asibiti ba. Kun yi rufi da gadaje, madalla, amma likita ba ya aiki sai da ungozoma, da nas, da mai gwajin jini, da mai ba da magani, da wuta a ɗakin tiyata da ɗakin haihuwa har asuba.

Na biyu, gaba. Likita yana gama bautar ƙasa abin da ke ransa shi ne horon ƙwarewa, ya zama likitan mata ko na yara ko na tiyata. Wannan horon kuwa sai a asibitin da aka amince masa, yawanci asibitocin koyarwa da manyan cibiyoyin lafiya na tarayya, jarrabawar kuma ta kwalejin ƙasa ce da ke nan Ijanikin kan hanyar Badagry, ko ta kwalejojin Afirka ta Yamma. Wanda ya zauna a garinku shekara shida, abokinsa da ya shiga horo ya zama kwansaltan, wato ƙwararren babban likita, ko yana dab da zama, shi yana nan inda yake, kuma babu wani maki da ake ƙara masa don ya yi hidima a karkara. Ni kaina abin da ya ɗago ni ke nan. Duk tsarin da ya ce wa matashi ka zaɓa, ko garinmu ko ci gabanka, to an san wanda zai zaɓa.

Na uku iyali. Matarsa ma'aikaciya ce ko ɗaliba, ina za ta yi aiki? Yara sun isa makaranta, wace makaranta? In likitar mace ce abin ya ninka, ga miji a birni, ga kwatas ba katanga. Sai tsaro, wanda a wasu jihohinmu ya shafe duk sauran dalilai. A ƙarshen 2023 an sace wata likita daga gidan ma'aikata a cikin garin Kaduna, ta yi kusan wata goma a hannun masu garkuwa, har ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta yi yajin aikin gargaɗi a kanta a watan Agustan 2024. In a cikin Kaduna haka ta faru, ka yi tunanin abin da uwar likita za ta ce masa in ta ji an tura shi garin da ke bakin daji.

Sai albashin kansa, kuma a nan ba yawansa kaɗai ba ne, zuwansa a kan lokaci ne. Jihohi da dama ba sa biyan abin da tarayya ke biya, shi ya sa da an buɗe ɗaukar aiki a asibitin tarayya sai ka ga likitocin jiha sun kwashe. Alawus ɗin haɗarin aiki naira 5,000 ne a wata shekara da shekaru, sai ƙarshen 2021 aka ƙara. Akwai darasi ma a shirin ungozomomi da tarayya ta fara a 2009, aka tura su karkara bisa cewa tarayya za ta biya wani kaso, jiha wani kaso, ƙaramar hukuma ta ba da masauki da ɗan ƙari, da farko abin ya yi kyau sosai, amma wurare da yawa jiha da ƙaramar hukuma ba su cika nasu ba, ungozomomin suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Alkawarin da ba a cika ba ya fi rashin alkawarin ɓarna, ku riƙe wannan tun kafin ku ce za ku ɗora wani abu.

Yanzu maganar ɗan gari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari a kan wannan matsala a 2010, ta sabunta su a 2021, kuma abin da ya fi ƙarfin hujja a ciki shi ne a ɗauki ɗaliban da suka tashi a karkara, a horar da su kusa da karkara. Kai ɗan kasuwa ne ka sani, yaron shagon da ka ɗauko daga gida ka san iyayensa, da wanda ka tsinta a tasha, ba ɗaya suke ba wajen daɗewa. Wanda uwarsa ke garin, gonar gidansu na garin, ya san yaren, ba ya jin an jefar da shi.

Japan ta kafa jami'ar likitanci ta Jichi a 1972 musamman don wannan, kowace jiha daga cikin 47 tana turo ɗalibai biyu ko uku duk shekara, karatu ba ko sisi, amma in ka gama za ka koma jiharka ka yi shekara tara, wani ɓangare a ƙauyuka da tsibirai, kuma cikin shekarun nan har da horonka na gaba, ba jefar da kai ake yi ba. Tailan ta fara da tilas, kowane sabon likita shekara uku a aikin gwamnati ko ya biya tara, da asibitocin kuɗi suka bunƙasa sai mutane suka riƙa biyan tarar suna tafiyarsu, sai a 1994 suka ɓullo da shirin ɗauko yaran karkara a horar da su a asibitocin larduna, kuma waɗannan sun fi sauran zama. Kanada ta buɗe makarantar likitanci a arewacin Ontario a 2005 a kan wannan tunanin. Wanda ya fi kama da naku kuwa shi ne na asibitin Mosvold a wani lungu na KwaZulu-Natal a Afirka ta Kudu, a 1999 suka fara ɗaukar nauyin yaran yankin, ba likitanci kaɗai ba har haɗa magani da sauran fannoni, duk hutu yaro zai dawo ya yi aiki a asibitin, akwai mai bibiyar karatunsa, in ya gama ya biya da aiki, shekarar karatu ɗaya shekarar aiki ɗaya.

A gida ma ba baƙon abu ba ne. Jami'ar Ibadan tun 1963 take kai ɗaliban likitanci Igbo-Ora a yankin Ibarapa su zauna cikin mutanen karkara, kuma a wannan yankin ne marigayi Dakta Oluyombo Awojobi, ƙwararren likitan tiyata, ya zauna a Eruwa tun shekarun 1980 har rasuwarsa a 2015, yana ƙera wasu kayan aikinsa da kansa. A Arewa kuma an yi shirin mata don lafiya daga 2012 a Kano, Katsina, Jigawa, Yobe da Zamfara, inda gari ke zaɓo 'yarsa, a yi mata shekarar share fage ta gyara sakamakonta, ta shiga makarantar ungozoma ko jinya ta dawo gida ta yi aiki.

Takardar sa hannu ita kaɗai kuwa, ban yarda da ita sosai ba. A 2023 wani ɗan majalisar wakilai daga nan Legas, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudirin a hana likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar a ƙasa, har ya tsallake karatu na biyu, likitoci suka yi ca a kai, kuma ina ganin suna da gaskiya, don ɗaure mutum ba tare da gyara wurin aikinsa ba jinkirta tafiyarsa kawai yake yi, ya zauna yana ƙirga kwanaki. Jihohinmu da dama sun tura yara waje karatun likita da irin wannan yarjejeniya, wasu sun dawo sun cika, wasu an rasa inda suke, wasu ma sun dawo jihar ce ta yi wata da watanni ba ta ɗauke su aiki ba.

In za ku yi, ga yadda nake ganin ya dace. Kada ku zuba komai a kan yaro ɗaya, kuma kada ya zama ɗan shugaban ƙungiya ko ɗan wani mai faɗa a ji wanda a Legas ya tashi, garin sai da Sallah. Ku je sakandaren garin ku nemo masu ƙoƙari tun daga aji huɗu, maza da mata, na ma fi matsa muku a kan mata, don akwai matan da har gobe ba za su yarda namiji ya karɓi haihuwarsu ba, su gwammace su zauna a gida. Sau da yawa matsalar tun a nan take, makarantar ba malamin kimiyya, yaro mai kai amma ba zai ci JAMB da makin likitanci ba, don haka albashin malamin kemistiri da fizik guda biyu yana iya zama kuɗin da ya fi kowanne amfani da za ku kashe. Su yi karatun a gida, Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, ya fi sauƙi a aljihu kuma cututtukan da za su gani su ne na garinku, kun dai ga yadda yaƙin Sudan a 2023 ya tarwatsa karatun yaranmu da ke can. Duk hutu su dawo asibitin gari. Yarjejeniyar ta zama mai adalci, shekara uku ko huɗu, a rubuta ƙarara cewa bayan nan za ku sake shi ya tafi horon ƙwarewa da albarkarku, lokacin ƙaninsa a shirin ya gama ya karɓe shi. Lissafin shekarun kuwa shida a jami'a, ɗaya hausjob, ɗaya bautar ƙasa, ban da yajin aikin malamai. Don haka tare da mai karatun likita ku tura masu karatun ungozoma da jinya da gwajin jini da jami'an lafiyar al'umma, su cikin shekara uku zuwa biyar sun dawo, kuma su ne ƙashin bayan asibitin karkara ko da likita ko babu. Tun 2014 ma akwai manufar gwamnati da ta yarda a horar da su su riƙa yin wasu ayyukan da a da sai likita.

Kafin nan fa? In za ku koma wajen kwamishina ko hukumar asibitoci, kada ku roƙi likita ɗaya, ku roƙi biyu, ko ɗaya da ɗan bautar ƙasa, ko a tsara da asibitin da ke kusa wani ya riƙa karɓarsa ƙarshen mako biyu a wata. Gidan da zai zauna ya zama da katanga da ruwa da wuta da sabis ɗin waya, kusa da mutane. Ku tara sunayen matasan gari a gwada rukunin jininsu, a ajiye lambobinsu, da an kira su zo, wannan ba ya cin kuɗi kuma yana ceton rai fiye da fenti. Firij mai sola don allurai, ƙarin batir na ɗakin tiyata da ɗakin haihuwa kaɗai, asusun magani mai juyawa, wato a sayar da magani a sake saro wani da kuɗin, da amintaccen mutum a kansa. Ku zauna da direbobin tasha, an yi irin wannan da ƙungiyar direbobi a jihohin Arewa da dama, mace na naƙuda a kira direba ko tsakar dare ne, ƙungiya ta biya mai. In asibitin naku na matakin farko ne ku bincika ko yana cikin masu karɓar kuɗin asusun kula da lafiya na dokar lafiya ta 2014, ku sa mutanenku a kwamitin mazaɓa su ga inda kuɗin ke shiga. 'Yan garinku ko na maƙwabta da suka zama manyan likitoci a birni, ku haɗa su da shi a WhatsApp ya samu wanda zai kira in abu ya cije, in da hali su riƙa zuwa lokaci-lokaci a yi tiyata tare ya ƙaru.

Ƙarin kuɗin ku yi, amma daidai abin da za ku iya biya ko kasuwa ta faɗi, ranar da aka sa ranar za a biya, ta hannun kwamiti, da sanin hukumar da ta turo shi, kuma a ɗan taɓa sauran ma'aikata don kada a haifar da gaba a cikin asibiti. Sannan don Allah, wannan ina faɗa ne da girmamawa, wanda ya ba da kuɗi kada ya mai da likita nasa na gida, a kira shi ya bar layi ya je ya auna hawan jinin Hajiya. Hakimi da limamai su tsaya masa ranar da aka rasa mara lafiya, don ranar za ta zo.

Kuma ku sauke buri kaɗan. Baƙon likita da ya yi muku shekara uku cikakku ya tafi da kyakkyawar shaida, wannan nasara ce, shi zai gaya wa na bayansa cewa garin nan ana iya zama. Kafin taronku na gaba, Alhaji, ka nemo lambar waɗancan biyun da suka tafi, ka kira su da kanka, ba da faɗa ba, ka ce su gaya maka tsakani da Allah me ya fi damunsu a wurin. Abin da suka ambata su biyun duka, da shi za ku fara kashe kuɗin bana, ragowar ku buɗe asusun karatun yaran.